1951: Shekarar da Yaƙin Koriya ya Tona Asirin Wasannin Jami'o'in Amurka

Ranar Asabar 2 ga Disamba 1950, kimanin mutum 100,000 suka cika babban filin wasa na Philadelphia don kallon karawar shekara-shekara tsakanin kwalejin horar da hafsoshin sojan ƙasa ta West Point da takwararta ta sojan ruwa da ke Annapolis. Shugaba Harry Truman na cikin 'yan kallo. 'Yan West Point sun shigo fili da tarihin wasa 28 a jere ba a kai su ƙasa ba, amma 'yan ruwa, waɗanda wasa biyu kacal suka ci a kakar, suka lallasa su da ci 14 da 2. Kwana biyu kafin nan Truman ya shaida wa 'yan jarida cewa gwamnatinsa ba ta kawar da batun amfani da makamin nukiliya a Koriya ba. A daidai waɗannan ranaku kuma dubban sojojin Amurka na maƙale a tsaunukan da ke kewaye da tafkin Chosin, dakarun Sin sun yi musu ƙawanya, sanyi na kashe wanda harsashi ya bari.

Cikin wata takwas da suka biyo baya, wasannin jami'o'in Amurka suka faɗa cikin abin kunya mafi muni a tarihinsu. Akan ba da labarin a matsayin na yara masu kwaɗayi da 'yan caca marasa imani. Haka ne, amma ba a nan ya tsaya ba. Maguɗi a wasannin jami'a ya girmi 1951 da shekaru masu yawa, kuma kowa ya sani. Abin da ya sa a wannan shekara ya tashi daga shafin wasanni ya koma zauren Majalisar Dattawa shi ne rikicin wata iyaka da ke can nahiyar Asiya, wadda akasarin Amurkawa ba su taɓa jin labarinta ba kafin watan Yunin 1950.

Sai an fara fahimtar matsayin wasan jami'a a can. A wancan zamani ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita ana kokawa, ta ɗalibai ce ta fi ta ƙwararru farin jini nesa ba kusa ba. Haka ma ƙwallon kwando. Jami'a kan mallaki filin da ya fi ƙarfin yawan mutanen garin da take ciki, kuma kuɗin ƙofa na ranar Asabar ɗaya kan ɗauki nauyin sauran wasanni na tsawon shekara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara bunƙasa. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya wa sama da mutum miliyan biyu kuɗin karatun jami'a, har ta kai a 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantu tsofaffin sojoji ne. Masu horarwa suka sami ƙarti majiya ƙarfi, 'yan shekara ashirin da 'yan kai, waɗanda gwamnati ta riga ta biya wa kuɗin makaranta. Ga kuma dokar da aka sassauta a 1941 saboda ƙarancin maza, wadda ta ba da damar sauya 'yan wasa ba iyaka. Daga nan aka fara ajiye rukuni biyu, ɗaya na kai hari ɗaya na tsaro, ma'ana ninki biyu na 'yan wasa, ninki biyu na kayan wasa da abinci da masu horarwa.

'Yan siyasar jihohi ba su bar wannan garaɓasa ta wuce su ba. A Oklahoma, jihar da fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka mayar abin ba'a, hukumar gudanarwar jami'a ta ƙudurta cewa ƙwallo ce za ta dawo wa mutanen jihar da martabarsu. A 1950 suka zama zakarun ƙasa a ƙarƙashin Bud Wilkinson, shugaban jami'ar George Cross kuma ya yi wa 'yan majalisar jiha shaguɓen nan da ya shahara, cewa burinsa ya gina jami'ar da ƙungiyar ƙwallon za ta yi alfahari da ita. A Maryland, shugaban jami'a Curley Byrd tsohon mai horar da ƙwallo ne, ya gina sunansa a kanta har ya tsaya takarar gwamna a 1954.

An yi yunƙurin taka burki. A 1948 ƙungiyar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ta kafa ƙa'ida cewa ba za a bai wa ɗalibi tallafi don kawai ya iya wasa ba, sai in mabuƙaci ne, kuma kada ya wuce kuɗin makaranta. Jami'o'i bakwai, ciki har da Maryland da Virginia, suka ƙi bi. Da aka zo ƙuri'ar korarsu a Janairun 1950 ba a sami kashi biyu bisa uku da ake buƙata ba. Bayan shekara ɗaya aka soke ƙa'idar gaba ɗayanta. Wato an shiga 1951 babu wata doka mai haƙora.

Ita kuwa iyakar nan ta Koriya, a watan Agustan 1945 wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira cikin gaggawa suka zaɓi layi na 38 na taswirar duniya, wanda ya ratsa tsakiyar zirin Koriya, ya raba inda sojan Sobiyet za su karɓi miƙa wuyan Japan da inda na Amurka za su karɓa. Ba kogi ba ne, ba dutse ba ne, layi ne a takarda, amma ya zama iyakar ƙasashe biyu. Ranar 25 ga Yuni 1950 Koriya ta Arewa ta tsallaka shi. Janar Douglas MacArthur ya juya yaƙin da saukar da dakaru a Inchon ranar 15 ga Satumba, sannan shi ma ya tsallaka layin ya nausa arewa har gab da Kogin Yalu, iyakar Sin. Sin ta yi gargaɗi ba a ji ba, sai ta kwararo da dubban ɗaruruwan soja a ƙarshen Nuwamba. Ranar 16 ga Disamba Truman ya ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa.

A nan ne hanyar yaƙi ta haɗu da ta jami'a, kuma mahaɗar ita ce ɗaukar soja na tilas. Gwamnati na buƙatar samari, jami'o'i kuma na tsoron azuzuwansu su zama kango, ga tsofaffin sojoji sun fara ƙarewa. A ƙarshen Maris 1951 Truman ya amince a ɗage wa ɗalibi shiga soja muddin ya ci maki 70 a wata jarrabawa ta musamman, ko kuma yana cikin na sama-sama a ajinsa. An zauna jarrabawar farko ranar 26 ga Mayu. A watan Yuni Majalisa ta rage shekarun ɗauka zuwa 18 da rabi, ta ƙara wa'adin aiki zuwa wata 24. Mutane irin su shugaban Harvard, James Conant, sun soki wannan ɗagewa, domin a fili take ɗan mai hali ne zai zauna a aji, ɗan leburan masana'anta ya tafi Koriya.

Daga wannan rana kujerar jami'a ta tashi daga wurin neman digiri kawai, ta zama mafakar rai. Saboda haka duk wata tambaya game da wanda ke zaune a kanta ta yi nauyi. In an gyara wa yaro sakamakon sakandare don ya iya jefa ƙwallo a kwando, to akwai wani yaron da ya tafi fagen fama a madadinsa. Iyayen da aka aiko wa da takardar rasuwar ɗansu ba sa buƙatar a yi musu wannan lissafi. NCAA kuwa abin da ta yi shi ne ta halatta wa 'yan shekarar farko buga manyan wasanni a kakar 1951, don cike gurbin waɗanda aka ɗauka. Ƙananan makarantu da dama, musamman na Katolika irin su Georgetown da Duquesne, suka ga ba za su iya ba, suka rufe ƙungiyoyin ƙwallonsu.

Ana cikin haka asirin ƙwallon kwando ya tonu a New York. Salon maguɗin na da wayo. 'Yan caca ba sa yin fare kan wanda zai ci wasa, sai kan tazarar maki. In an ce ƙungiya za ta ci da tazarar maki 10, sai a sayi 'yan wasanta biyu ko uku su ci da 6. Makaranta ta yi nasara, 'yan kallo sun yi murna, ɗan caca ya kwashe kuɗi, yaro kuma ya lallashi zuciyarsa cewa ai bai sayar da wasa ba. A Janairun 1951 Junius Kellogg, baƙar fata na farko a ƙungiyar Kwalejin Manhattan, ya kai ƙarar wanda ya yi masa tayin cin hanci. Ranar 18 ga Fabrairu aka kama 'yan wasa uku na Kwalejin Birnin New York a tashar jirgin ƙasa suna dawowa daga wasa. Wannan kwaleji ce ta 'ya'yan talakawa, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ƙungiyarta ta Yahudawa da baƙaƙen fata ce ta lashe manyan kofuna biyu na ƙasa a 1950, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinta ko bayanta. Kafin mai gabatar da ƙara Frank Hogan ya kammala bincike, an lissafa 'yan wasa 32 daga makarantu bakwai da wasanni 86.

Mutanen karkarar Amurka suka ce ai halin New York ne. Mai horar da ƙungiyar kwandon Jami'ar Kentucky, Adolph Rupp, ya bugi ƙirji cewa 'yan caca ba za su iya kusantar yaransa ba ko da doguwar sanda. A watan Oktoba aka kama tsofaffin taurarinsa uku, biyu daga ciki, Alex Groza da Ralph Beard, suna cikin waɗanda suka ciyo wa Amurka zinare a gasar Olamfik ta Landan a 1948.

Hukuncin da alƙali Saul Streit ya yanke a Nuwamba ya nuna yadda yaƙin ya shiga har cikin kotu. Al Roth na Kwalejin Birnin New York an yanke masa wata shida, aka jingine hukuncin da ya amince zai shiga soja. Abokin wasansa Ed Warner ya yi wata shidansa a gidan kaso, Sherman White na Jami'ar Long Island, wanda ake ganin shi ne gwanin ƙasar a lokacin, aka ba shi shekara ɗaya. Warner da White baƙaƙe ne. Streit dai bai raga wa manya a baki ba, ya zayyana yadda ake jirkita takardun shiga makaranta da yadda tsofaffin ɗalibai ke biyan 'yan wasa a ɓoye. Amma babu mai horarwa ko shugaban jami'a ko ɗaya da ya kwana a kurkuku.

'Yan siyasa sun riga sun ɗauki zancen tun bazara. A watan Maris miliyoyin mutane suka zauna gaban talabijin suna kallon kwamitin Sanata Estes Kefauver yana titsiye manyan 'yan daba da 'yan caca. A wannan watan Sanata William Fulbright, wanda ya yi ƙwallo a Jami'ar Arkansas kuma ya shugabance ta, ya tashi a Majalisa ya haɗa cin hancin da yake bincika a hukumar ba da rance ta gwamnati da hayar 'yan wasa da jami'o'i ke yi, ya ce cuta ɗaya ce, ta neman nasara ko ta halin ƙaƙa, kuma ƙasar da ta ruɓe daga ciki ba ta buƙatar maƙiyi daga waje. A zamanin da ake gaya wa jama'a cewa ana yaƙi da Kwaminisanci ne don kare tarbiyya da gaskiya, wannan magana ta shiga. Ranar 11 ga Afrilu Truman ya tsige MacArthur, wanda ya dage sai an kai yaƙin cikin ƙasar Sin, tsallaken Yalu. Janar ɗin ya dawo aka tarbe shi kamar sarki.

Sai ranar 3 ga Agusta, ana tsaka da tattaunawar tsagaita wuta a Kaesong kan inda za a ja sabon layi, rundunar soja ta sanar da cewa za a sallami ɗalibai 90 daga West Point saboda satar amsa, 37 daga cikinsu 'yan ƙwallo ne. Kusan ƙungiyar gaba ɗaya ke nan, har da Bob Blaik, jagoran 'yan gaba kuma ɗan cikin mai horarwa Earl Blaik.

Wannan ya fi na New York zafi, kuma dalilin a bayyane yake. West Point a wurin Amurkawa kamar NDA ta Kaduna take a wurinmu, sai dai an fi ɗora mata tsarki. Ƙa'idarta ita ce ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, kuma in ya ga mai yi ya yi shiru shi ma ya yi laifi. Hanyar maguɗin mai sauƙi ce: malamai kan ba rukunoni biyu na ɗalibai tambayoyi iri ɗaya a ranaku daban-daban, waɗanda suka fara yi sai su tsegunta wa na baya. 'Yan ƙwallo na cin abinci a teburi na musamman, suna atisaye na sa'o'i bayan faretin da kowa ke yi, ga darussan injiniya da ba a sassauta wa kowa. Wasunsu an nemo su ne tun daga sakandare saboda ƙarfinsu, aka yi musu darasin share fage don su tsallake jarrabawar shiga. An kawo yaro don ya yi ƙwallo, an ɗora masa karatun da ba a shirya shi dominsa ba, sannan an ce makin da ya faɗi zai raba shi da makarantar. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuma Blaik yaron MacArthur ne na haƙiƙa. Yana ɗalibi lokacin da MacArthur ya shugabanci West Point daga 1919, kuma MacArthur ne ya wajabta wa kowane ɗalibi wasa, ya sa aka sassaƙa kalamansa a jikin ɗakin motsa jiki, cewa a filin wasa ake shuka irin da za a girbi nasararsa a fagen fama. Daga Tokyo ma yana bin labarin ƙungiyar ta wasiƙun Blaik. Wannan aƙida ce hujjar da ake kafawa da ita a duk faɗin ƙasar: ƙwallo tana gina jarumi, tana gina mai amana. Ba kuma maganar baka kawai ba ce, domin Tom Lombardo, kyaftin ɗin ƙungiyar 1944, da John Trent, kyaftin ɗin ta 1949, duk a Koriya suka mutu cikin 1950. Yanzu ga shi ƙungiyar da ta fi kowace riƙe wannan tuta ita ce cibiyar satar amsa. Iyaye suka fara tambaya ko irin waɗannan ne za su jagoranci 'ya'yansu a tsaunukan Koriya.

Shugaban hafsan sojan ƙasa da ya tsaya kan korar, Janar Lawton Collins, yana cikin manyan hafsoshin da suka mara wa Truman baya wajen tsige MacArthur wata huɗu kafin nan. Ba sai an ce ramuwar gayya ce ba, tun da kwamitin da tsohon alƙali Learned Hand ya jagoranta shi ma korar ya ba da shawara. Amma ƙasar ta riga ta rabu gida biyu kan Koriya, kowane ɓangare kuma ya karanta lamarin da idon rigimarsa. Blaik ya je wurin MacArthur a masaukinsa na New York da niyyar ajiye aiki, Janar ya ce masa soja ba ya barin fili ana ruwan wuta. Ya zauna. Yaran suka tafi, kuma duk wanda bai sami wata makarantar ba, takardar kiran soja na jiransa, a matsayin kurtu maimakon hafsa. Attajiri Joseph Kennedy, mahaifin John Kennedy da ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya ɗauki nauyin masu son komawa Jami'ar Notre Dame ba tare da bayyana sunansa ba, bisa sharaɗin ba za su buga wa jami'ar wasa ba. A kakar 1951 West Point wasa biyu ta ci cikin tara.

A ganina an bar jaki ne an daki taiki. Yaran sun yi laifi, babu mai musun wannan. Amma a duba wanda ya fito da riba. A watan Oktoban 1951 NCAA, wadda a baya taron shawara ce kawai, ta naɗa babban darakta na farko, Walter Byers, ɗan shekara 29. A shekarar ce ta ƙwace ikon watsa wasanni a talabijin, ta tanƙwara Jami'ar Pennsylvania da ta so ta sayar da nata da kanta. Kuɗin talabijin ya ba ta abin da ba ta taɓa samu ba, wato sandar duka. Ta gwada sandar a kan Kentucky, aka hana ta buga ƙwallon kwando a duk kakar 1952 zuwa 1953, amma Rupp na nan daram a kujerarsa har 1972. Shugabannin jami'o'i sun kafa nasu kwamitin gyara a ƙarƙashin John Hannah na Michigan State, suka ba da shawarar a daina manyan wasannin ƙarshen kaka da atisayen bazara. Ba a aiwatar ba. Jami'ar Hannah ce ma ta zama zakarar ƙwallo ta ƙasa a 1952, shi kuma a 1953 ya koma ma'aikatar tsaro a matsayin mataimakin sakatare mai kula da samar da soja.

Dalilin da gyaran ya mutu shi ma daga waje ya zo. A bazarar 1952 Tarayyar Sobiyet ta shiga gasar Olamfik karo na farko a Helsinki, ta kwashi lambobi 71, Amurka 76. Amurka ba ta da ma'aikatar wasanni, jami'o'inta ne masana'antar da ke ƙera mata zakaru. Rabin ƙungiyar kwandon da ta doke Sobiyet da ci 36 da 25 a wasan ƙarshe daga Jami'ar Kansas suka fito. Yaƙin cacar baki da ya sa aka ga munin wasan jami'a a 1951, shi ne ya sa a 1952 aka ga ba za a iya rabuwa da shi ba.

Jam'iyyar Republican kuwa ta taƙaita yaƙin neman zaɓenta na 1952 a kalmomi uku: Koriya, Kwaminisanci, cin hanci. Ɗan takararta Dwight Eisenhower tsohon ɗan ƙwallon West Point ne da rauni a gwiwa ya raba da fili a 1912, kuma shugaban Jami'ar Columbia. Ya yi alkawarin zuwa Koriya da kansa, ya ci zaɓe, ya je a Disamba. Ranar 27 ga Yuli 1953 aka sa hannu kan tsagaita wuta a Panmunjom, bayan mutuwar Amurkawa sama da 36,000 da Koriyawa miliyoyi, sabon layin kuma bai yi nisa da tsohon ba.

Da bindiga ta yi shiru, fushin jama'a ya lafa. A 1953 wata kotun Colorado ta yanke cewa ɗan ƙwallon Jami'ar Denver da ya ji rauni ma'aikaci ne da ya cancanci diyya, NCAA ta maza ta ƙirƙiro laƙabin ɗalibi ɗan wasa ta cusa shi a duk takardunta don toshe wannan ƙofa. A 1956 ta halatta bai wa ɗalibi cikakken tallafin karatu da abinci da masauki saboda iya wasa kawai, abin da aka nemi korar jami'o'i bakwai a kansa shekara shida kafin nan. Blaik ya sake gina ƙungiyarsa, ya yi ritaya bayan kakar 1958 da ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Ray Malavasi, ɗaya daga cikin korarrun West Point, ya kai ga horar da ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Rams har wasan ƙarshe na ƙasa a 1980. Sherman White da Ed Warner an haramta musu gasar ƙwararru ta NBA har abada, suka ƙare a ƙananan ƙungiyoyin da ke wasa ƙarshen mako a garuruwan Pennsylvania.